Idan ido ya daina yaji, hayaƙin ya daina cutarwa ke nan?

Malama, wa alaikumus salam. Kin ce Umma ta fi shekara 20 tana suyar ƙosai da safe, awara da yamma, da itace, a soron gidanku da ke Kurna. Ke da kin zo taya ta, ba kya minti 5 sai ido ya cika da hawaye, hanci ya hau zuba, tari ya sarƙe ki. Ita kuwa ko a jikinta, ta ce miki ta saba, hayaƙi ya daina yi mata komai. Amma 'yan watannin nan kina jiyo tarinta da asuba. Kina son sanin mene ne a cikin hayaƙin yake wannan yajin, kuma ko sabon da ta yi ya zame mata kariya.

Sabon ba kariya ba ne. Na yi shekaru ina koyar da ilimin guba da yadda magani ke aiki a jiki, kuma ni ma a gidan da ake girki da itace na tashi, don haka ba karatun littafi kaɗai zan ba ki ba. Yajin da kike ji ƙararrawa ce da Allah Ya dasa a ido da hanci da maƙogwaro. Ta Umma ta dushe saboda yawan kaɗawa, amma abin da yake kaɗa ta yana nan yana shiga ƙirjinta kullum.

Hayaƙi ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙurarsa da ido ke gani, wadda take zama kunkunniya a rufin soro, akwai kuma iskokin da ba a gani. A cikin waɗanda ba a ganin akwai wani dangin sinadarai da ake kira aldihaid, su ne kan gaba wajen yajin ido. Dangi ne babba, kuma ba duka ne miyagu ba. Ƙamshin kirfa da kike ji a shayi, aldihaid ne yake ba da shi, haka ƙamshin banila na kek. Masu ba mu wahala su ne ƙananan, marasa nauyi, masu saurin tashi a iska, waɗanda ba sa zama lafiya: duk abin da suka taɓa a jiki sai sun kama shi sun manne. Uku za ki riƙe a ranki, akrolin, fomaldihaid da kurotonaldihaid.

Akrolin shi ne na masu suya. Man gyaɗa, manja, man waken suya, kowanne in aka duba gininsa, giliserin ne, wannan dai da mata ke haɗawa a man shafawa lokacin hunturu, yake riƙe da jelar kitse uku. Idan wuta ta yi wa mai yawa, ga ruwan ƙullu yana ta shiga yana tafasa a ciki, sai jelar ta tsinke, giliserin ɗin ya ƙone ya rikiɗe ya zama akrolin. Jelar kitsen ma in iska da zafi suka ci ta, takan farfashe ta ba da nata aldihaid ɗin. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa masa suna a 1839, daga kalmomin Latin biyu masu nufin yaji da mai. Ƙarfinsa ya kai Faransa ta zuba shi a makamai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a wasu ƙasashe ana zuba shi a magudanan noman rani don kashe ciyawar ruwa. Ba cewa nake kaskon Umma filin daga ne ba, abin da ke tashi daga kasko kaɗan ne ƙwarai. Amma sinadarin ɗaya ne, kuma kullum ne.

Akwai wata baiwar Allah da nake sayen ƙosai a wurinta a bakin lungunmu, na sha tsayawa ina kallon kaskonta. Da ƙarfe 6 na safe man garau yake, tana sakin ƙullu yana tasowa, tururi ne kawai ke tashi, ƙamshi ya cika lungu. Wajen ƙarfe 8 layi ya yi tsawo, 'yan makaranta sai "Inna ki sallame ni" suke, sai ta ƙara tura itace biyu. Man ya koma kalar ruwan shayi, ɓurɓushin ƙosai ya yi baƙi a gindin kasko, kumfa ta fara taruwa a gefe. A lokacin ne wani siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yake tashi daga fuskar man kansa, ba daga itacen ba. Yaran da ke layi su hau murza ido suna juya baya. Ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi, sai dai ta sa gefen mayafi ta share fuska ta ci gaba da juya matsami. Wannan shuɗin hayaƙin nake so ki koya wa idonki ganewa. Suya takan yi kyau tsakanin digiri 170 zuwa 190 a ma'aunin Salshiyas. Man gyaɗan da aka tace a kamfani yakan kai wajen 230 kafin ya fara hayaƙi, man ƙuli na gida ya fi shi saurin yi, kuma kowane mai, duk sanda aka maimaita suya da shi, zafin da yake iya jurewa raguwa yake. Man jiya da aka yi wa ciko ya fi sabo saurin ƙauri.

Itacen ma yana ba da nasa kason, musamman ɗanye ko jiƙaƙƙe mai turnuƙewa. Wutar da ta kama sosai tana cinye yawancin waɗannan iskoki, wadda take ci ciki-ciki ita ce masana'antarsu. Sai abin da ya fi ɓata mini rai, hura wuta da leda ko guntun roba ko tsohon silifa. Na san dalili, kalanzir ya yi tsada, leda kuwa ga ta nan ko'ina kyauta. Amma leda in tana narkewa tana ci, akrolin da fomaldihaid na cikin abin da take fitarwa, a daidai lokacin da mai hurawa ta sunkuya ta kai fuskarta bakin murhu.

To yaya jiki yake gane su? Wannan yajin ba ƙamshi ba ne, ba wari ba, ba kuma ɗanɗano ba. Wanda mura ta toshe wa hanci ba ya jin ƙamshin ƙosai, amma hayaƙi zai sa shi hawaye. Hanyar daban ce. Akwai wata babbar jijiyar jin taɓawa da zafi da ta fito daga ƙwaƙwalwa ta rabu gida uku a fuska, reshe ɗaya ya nufi ido da goshi, ɗaya hanci da muƙamuƙin sama, ɗaya na ƙasa. Saƙon ciwon haƙori ma ita take kaiwa. Wata kuma ta gangara maƙogwaro da bututun iska har cikin huhu. Ƙarshen waɗannan jijiyoyi ya fi gashi siranta, suna kwance dab da fatar ciki mai laima. A jikinsu akwai wasu 'yan ƙofofi na furotin, a rufe. Idan ƙofa ta buɗe, sodiyam da kalsiyam da ke ruwan jiki su kwarara cikin jijiyar, ta harba saƙo, ƙwaƙwalwa ta fassara shi da zafi ko yaji. Ƙofar da aldihaid ke buɗewa sunanta TRPA1.

Ba a daɗe da saninta ba. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano 'yar'uwarta TRPV1, wadda sinadarin barkono da attaruhu yake buɗewa. Ita ce kuma take buɗewa in zafi ya kai wajen digiri 43, ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce barkono yana da zafi. A 2004 aka nuna cewa man mastad da sinadarin kirfa suna buɗe TRPA1. A 2006 ɗakin binciken Julius ya samar da ɓeraye da aka cire wa ƙwayar gadon da ke gina wannan ƙofa, sai aka ga jijiyoyinsu ba sa amsawa in an sa musu akrolin. Shekara ta gaba aka tabbatar fomalin, wato ruwan fomaldihaid, shi ma ta nan yake bi, a 2008 kuma masu bincike a Italiya suka nuna akrolin da kurotonaldihaid su ne manyan masu kaɗa ta a hayaƙin taba. Julius da Ardem Patapoutian, wanda shi ma ɗakin bincikensa ya yi aiki sosai a kan TRPA1, su suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 2021 saboda gano yadda jiki ke jin zafi, sanyi da taɓawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙofar take aiki. Yawancin irinta a jiki kwaɗo da makulli ne, sai mai siffar da ta dace yake buɗewa. TRPA1 ba siffa take dubawa ba, hali take dubawa. A ɓangarenta da ke cikin jijiya akwai wasu 'yan maƙalai masu ɗauke da farar wuta, ana kiransu sistayin. Akrolin da danginsa masu yunwar ƙwayar lantarki ne, farar wutar nan kuwa tana da ita a wadace. Da sun ratsa cikin jijiya sai su cafke ta su manne, mannewar ta murɗa furotin ɗin, ƙofa ta wangale. Hikimar ita ce, duk sinadarin da zai iya manne wa wannan farar wutar, zai iya manne wa sauran furotin ɗin jiki ya lalata su. Ke nan ƙofar ta miƙa kanta ne gaba: in an taɓa ni, ku ma ana hanyar taɓa ku. Shi ya sa abubuwan da ba su yi kama da juna ba suke shigowa ta nan, ɗanyar tafarnuwa, kirfa, iskar kulorin da ke tashi in an haɗa ruwan bilici da ruwan wanke bayan gida, har da barkonon tsohuwa da ake harbawa a watsa taro. Duk da sunansa, barkonon tsohuwa ba ƙofar barkono yake bi ba, ta TRPA1 yake shiga. In kina son ji da bakinki, tauna guntun kirfa ki bar shi a gefen harshe minti ɗaya. Ɗan raɗaɗin da zai biyo bayan zaƙin, ita ce.

Tsohuwar ƙofa ce. Ƙudaje ma suna da irinta, da ita suke gudun abinci mai guba. Mesa kuwa da wasu macizai tasu ta koma ta jin ɗumin jikin ɓera a cikin duhu.

Idan ta buɗe, abin da ke biyo baya don amfaninki ne. Hawaye ya wanke ido, majina ta kama abin kafin ya wuce, tari da atishawa su fito da shi, numfashi ya ragu don kada ki zuƙa da yawa, ƙafa kuma ta ɗauke ki daga wurin. Da a ce sau ɗaya ne a wata, da babu abin cewa.

Matsalar ita ce jijiyar ba saƙo kaɗai take aikawa sama ba. A nan inda aka taɓa ta takan fesar da wasu sinadarai nata, ɗaya ana kiransa CGRP, ɗaya kuma sinadarin P. Su ne suke buɗe ƙananan hanyoyin jini su sa su yoyo, wurin ya yi ja ya kumbura, majina ta ƙaru, naman da ya zagaye bututun iska ya tsuke. Kumburi ne da jijiya ta haddasa da kanta, babu hannun ƙwayar cuta. Mai lafiyar huhu zai ji ƙirji ya ɗan ɗaure, ya wuce. Mai asma kuwa wannan kaɗai ya isa ya tayar masa da ita. A wani gwajin ɓeraye na 2009, waɗanda ba su da TRPA1 ba su yi kumburi da tsukewar asma kamar sauran ba. CGRP ɗin nan shi ne dai wanda aka sani a ciwon ɓarin kai, har sababbin magungunan ciwon shi suke tarewa. Don haka matar da ta ce turaren wuta ko hayaƙin janareta yana tayar mata da ciwon kai, ba iyayi take ba. Akwai ma wata zuri'a a ƙasar Kolombiya da aka ba da rahotonta a 2010, sun gaji ƙofar da ke buɗewa fiye da kima. Yunwa, sanyi ko gajiya kawai sai su tayar musu da azababben ciwo a saman jiki.

Wani abin kuma, jiki da kansa yana ƙera aldihaid. Duk inda kumburi ya daɗe, kitsen da ke bangon ƙwayoyin jiki yakan lalace, kwatankwacin yadda mai ke lalacewa a kasko, ya fitar da akrolin da wani ɗan'uwansa da ake kira 4-HNE. Su ma TRPA1 suke bugawa. Hayaƙi ya kawo kumburi, kumburi ya haifi aldihaid na cikin gida, su kuma su ƙara kaɗa jijiya. Yana daga cikin abin da masu bincike ke ganin yana sa tari ya ƙi tafiya ko bayan an kashe wuta.

Sai maganar sabo. Ranar da na fara shiga ɗakin da ake ajiye sassan jiki a cikin fomalin, muna ɗalibai, ban kai ga teburin ba na juyo ƙofa. Ido kamar an watsa yaji, maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya. Dattijon da ke kula da ɗakin yana zaune a ciki a kan kujerarsa, rediyo a kunne, ya dube ni ya ce, "Samari, sati biyu za ka yi ka daina ji." Gaskiya ya faɗa, kafin ƙarshen zango ni ma ina shiga ba hawaye. Amma abin da ke cikin bokitan bai canza ba, shi ne dai fomalin, wanda kafin a sirka shi kashi 37 cikin 100 fomaldihaid ne. Jijiyar da aka dama takan rage amsawa, ƙwaƙwalwa ma ta koyi yin biris da saƙon. An auna haka a mashaya taba: in aka shaƙa musu sinadarin barkono don a ga adadin da zai sa su tari, sai an ba su fiye da wanda ba ya sha, in kuma suka daina sha, cikin 'yan makonni jin ya dawo. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Allah Ya kiyaye in jingina wa Umma wannan suna, halak ɗinta take nema, da shi ta rene ku. Amma turke dai turke ne. Ke idonki yana korar ki bayan minti 5. Ita babu abin da ke korar ta, sai ta zauna har ƙullu ya ƙare, safe da yamma.

Kuma aldihaid ba ya neman izinin jijiya kafin ya yi ɓarna. Mannewar da yake yi wa TRPA1, ita yake yi wa duk abin da ya samu. Jiki yana da tanadinsa, wani sinadari da ake kira gulutatayon, mai farar wuta shi ma, wanda yake tarar akrolin ya riƙe shi har a fitar ta fitsari. Akan ma auna ragowar a fitsarin mutum a san yawan abin da ya shaƙa. Amma tanadi ƙarewa yake in ana ɗiba kullum. Abin da ya tsallake sai ya kashe kuzarin 'yan gashin da ke share majina daga bututun iska, ya raunana ƙwayoyin da ke gadin huhu, ya manne wa DNA, wato ƙwayar gado. Likitocin ciwon daji sun san ƙarfinsa da idonsu. Akwai maganin da suke bayarwa, sayikulofosfamaid, wanda in jiki ya farfasa shi yake fitar da akrolin, ya taru a mafitsara ya sa fitsarin jini. Shi ya sa in za a ba da shi da yawa ake haɗawa da wani magani mai suna mesna, wanda aikinsa kawai ya miƙa wa akrolin farar wuta ya kama, ya ƙyale mafitsara.

Cibiyar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa fomaldihaid a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, tun 2004, saboda dajin bayan hanci, a 2009 ta ƙara da na jini. Akrolin a 2020 ta sa shi a rukunin da ke bi masa, na waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa, inda hayaƙin suya mai tsananin zafi da hayaƙin itace a cikin gida suke tun 2006. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba. Rukunin ƙarfin hujja yake nunawa, ba ya nufin duk mai suya za ta kamu. A ganina abin da ya fi kusa da Umma ba daji ba ne, toshewar hanyoyin numfashi ce mai zuwa a hankali, irin wadda ake gani a tsofaffin mashaya taba, ake kuma ganinta a matan da ba su taɓa riƙe kara ɗaya ba, sai dai sun tsufa a bakin murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓacewar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Ba aldihaid kaɗai ke da wannan alhaki ba, ƙurar hayaƙin tana da kaso babba, amma tare suke tafiya, kuma aldihaid ne ɗan aiken da ake iya ji.

Daga nan za ki gane abin da ya sa ba na tare da yawancin dabarun da muke yi. Mai tari ya shafa man zafi a hanci ko ya tsotsi alawar mentol, ya ji kamar ƙirji ya buɗe. Mentol wata ƙofar yake taɓawa, TRPM8, ta jin sanyi, sanyin kuma yana danne saƙon yaji. An gwada a ɓeraye, da aka haɗa musu akrolin da mentol sai suka rage riƙe numfashi, suka ci gaba da zuƙa. Shi ya sa taba mai mentol ta fi sauƙin koyo ga yara, har Tarayyar Turai ta hana sayar da ita a 2020. Maganin tari na kwalba ma haka ne, musamman mai kodin da gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018, ya kwantar da tari ya bar dalilinsa. Maganin ɗigawa a ido da ake saya a kemis ba a duba mutum ba, wasu akwai sitiroyid a ciki. Jan zai washe, amma daɗewa ana ɗigawa yana iya jawo hawan jinin ido da yana. Madarar da ake cewa a sha bayan an shaƙi hayaƙi abinci ce mai kyau, sai dai ciki take tafiya, ba ta san hanyar huhu ba. Kamfanonin magani sun yi ta gwada ƙera abin da zai toshe TRPA1 kanta, don masu asma da tari mai naci da ciwon jijiya. Ga waɗannan alheri zai zama. Ga mai zama a bakin kasko kuwa, ɗaure bakin kare ne ɓarawo na tsakar gida.

Ki leƙa ɗakin kwana ma, don huhun da ya sha hayaƙi da rana yana bukatar hutu da dare. Igiyar leƙo da ake kunnawa a rufe ƙofa da taga, wani bincike da aka buga a 2003 a kan irin waɗanda ake sayarwa a Asiya ya samu cewa fomaldihaid ɗin da guda ɗaya ke fitarwa yana iya kai na karan sigari 51. Gidan sauro ya fi. Turaren wuta ba zan ce a daina ba, na san ba za a ji ni ba, ni ma gidana ana yi. Amma a turara ɗaki a fita, a buɗe taga kafin a shigo da jariri, a daina ajiye kaskon a gefen gadon mai jego. Sai kayan ɗakin amarya. Gado da sif da kabet na katakon nan da aka matse da gam, yawanci da fomaldihaid ake haɗa gam ɗin, kuma yana ta sakinsa a hankali wata da watanni, ya fi yawa in ana zafi ko laima. A yi jere a watan Afrilu, a kulle ɗaki kwana 3 a zafin Kano, amarya ta shiga ido na yaji kai na sarawa, a ce kukan rabuwa da gida ne, ko a fara zargin sammu. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa iskar ɗaki ita ce miligiram 0.1 a kowace kubik mita, a tsawon minti 30, kuma yajin ido aka duba aka yanke ta. In warin sababbin kaya yana sa ido hawaye, an wuce ta. A bar tagogi a buɗe kafin tarewa da bayanta.

Kada kuma a juya maganar a ce abin da bai yi yaji ba lafiya ne. Iskar kabon monoksaid da janareta da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, ba ta sa hawaye. Ita ce take kashe iyali guda a cikin barci in an shigo da janareta ciki, ko an kwana da kurfoti a ɗaki lokacin sanyi. Na faɗa ne don za a ce miki a koma gawayi. Gawayi ya fi itace ƙarancin hayaƙi mai yaji, gaskiya ne, amma a waje.

Shawarata ga Umma ba ta kai a ce ta bar sana'a ba, kuma kada ki fara da wannan maganar, ba za ta saurare ki ba. Ki fara da wurin. Soro mai rufi da ƙofa ɗaya tarko ne. In da hali murhun ya fito waje ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ta zauna iska na bugun bayanta, ba fuskarta ba. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, ke nan kujerar ma sai ta riƙa juyawa. In dole sai a soron, a fasa taga ko a buɗe mafita a sama daidai kan murhu. Itace ya zama busasshe, a faskara shi ƙanana, leda kuwa a bar ta kwata-kwata. Gas ya fi duka in aljihu zai ɗauka, sai dai ki sani hayaƙin itace yake magancewa, ba na mai ba. Man da aka bari ya ƙone a kan gas akrolin ɗinsa ɗaya ne. Da an ga shuɗin hayaƙi a janye itace. A riƙa tsame ɓurɓushi tsakanin zubi da zubi, a tace man in ya huce a rufe shi, kada a bar kasko a kan wuta ba komai a ciki ana jiran mai saye. In ya yi duhu, ya yi danƙo, yana kumfa, ya gama aiki, ciko ba ya dawo da shi. Na san kuɗin mai a yau, na san abin da nake cewa ba ƙarami ba ne. Dabarar ita ce ƙaramin kasko da mai kaɗan wanda zai ƙare da wuri, maimakon babba da za a yi sati ana juya shi. Takunkumin fuska na asibiti ko na yadi yana ɗan rage ƙura, amma akrolin iska ce, ratsa shi take. Mai tare ta sai irin na masu feshin fenti, mai gawayi a ciki. Jikoki kuma a daina goya su ko zaunar da su a bakin murhu, numfashinsu ya fi na babba sauri.

Tarin asubar nan kuwa kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Duk tarin da ya kai mako 2, abin farko shi ne a kai kaki a gwada tarin fuka, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. In an cire wannan, ki nemi a yi mata gwajin busa, wanda ake hura iska da ƙarfi cikin na'ura a auna yadda take fita daga huhu. Ki tambaya a sashen masu ciwon ƙirji na babban asibiti irin na Malam Aminu Kano. A auna mata hawan jini, a duba ido. In akwai jini a kaki, ko rama, ko zufar dare, ko kumburin ƙafa, ko haki in ta ɗan taka zuwa Islamiyya, kada a jira sai an samu sarari. Idan kun shiga, likita zai tambaye ta ko tana shan taba, za ta ce a'uzubillahi, shi kuma ya wuce tambaya ta gaba. Ke ce za ki tsayar da shi ki ce masa: likita, shekara 20, itace, a soro, safe da yamma.